Masu Farautar Magani a Cikin Turɓaya

Duk wanda ya taɓa jinyar mai tarin fuka ya san gargaɗin da ma'aikacin asibiti kan yi ranar da za a fara magani: in fitsari ya koma ruwan goro kada hankali ya tashi, ba jini ba ne, launin ƙwayar rifamfisin ne ke fita. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne inda ƙwayar ta samo asali. Kakanta wani sinadari ne da wata 'yar mitsitsiyar halitta ke fitarwa, ita kuwa halittar a cikin ƙasa aka tsinto ta a 1957, ƙasar da aka ɗebo daga wani daji a kudancin Faransa aka kai birnin Milan na Italiya, inda Piero Sensi da abokan aikinsa na kamfanin Lepetit suka raine ta. Kafson nan ja da rawaya da kowane kyamis ke sayarwa, wato tetirasaikilin, babban wansa daga ƙasar wata gonar gwaji ta Jami'ar Missouri a Amurka ya fito. Kuloramfenikol, wanda aka daɗe ana yi wa masu sanƙarau allurarsa a ƙasashen Sahel, a 1947 aka same shi cikin ƙasar da ta zo daga Benezuwela. Bankomaisin kuwa, wanda likitoci ke ajiyewa sai tura ta kai bango, wani ɗan mishan ne ya aiko da ƙasarsa daga dajin Borneo.

Ashe kaso mai tsoka na magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba ɗan'adam ne ya ƙirƙire su ba, tarar da su ya yi. Akwai kuma mutanen da sana'arsu ke nan, su tono su. Ba a san fuskokinsu ba, kuma ana yawan yi wa aikinsu ƙaryar cewa sa'a ce. Labarin Alexander Fleming ne ya jawo haka: ya tafi hutu a 1928, ya dawo ɗakin gwajinsa a asibitin St Mary's na Landan, ya tarar fumfuna ta faɗa wa wani faranti ta kashe ƙwayoyin cutar da ke kewaye da ita, shi ke nan sai ga fenisilin. Labarin gaskiya ne, amma ya bar mutane da fahimta gurguwa. Magungunan da suka biyo bayan fenisilin nemansu aka yi da gangan, faranti bayan faranti har dubbai, kuma neman yana da ƙa'idoji da dabaru da sai an goge ake iyawa.

Me ya sa ƙasa? Saboda cunkoso. A giram ɗaya na ƙasar gona mai kyau ana iya samun bakteriya har biliyan, iri-iri dubbai, ga abincin kaɗan. A cikinsu akwai wani dangi mai suna Streptomyces, wanda a zare-zare yake girma yana ratsa ƙasa. Ba ya iyo, ba ya gudu. In abinci ya ƙare sai ya narkar da wani sashe na jikinsa ya ciyar da sabbin rassan da za su ɗauki iri, kuma a daidai wannan lokaci yake tsiyayar da guba a kewayensa. Masana da yawa na ganin hikimar ita ce kada maƙwabta su zo su cinye masa abin da ya tanada. Wannan gubar muke ara. Kusan kashi biyu cikin uku na irin waɗannan magunguna da aka samo daga halittu, daga wannan dangi da 'yan'uwansa na kusa suke. Kowa ma ya san su ta hanci ko bai taɓa jin sunansu ba, domin ƙamshin nan da ke tashi in ruwan farko ya taɓa busasshiyar ƙasa wani sinadari ne da ake kira jiyosmin, kuma suna cikin manyan masu yin sa.

Ga yadda aikin yake a hannu. Mai nema zai ɗebo ƙasa, ba ta saman nan da rana ta ƙone ba, ta ɗan ciki kaɗan. Sai ya shanya ta kwanaki, wani ma ya ɗan ɗumama ta. Ba tsafta yake nema ba, dabara ce: bakteriyar da ke saurin girma ba su cika jure bushewa ba, irin Streptomyces kuwa yana jurewa, don haka tun kafin a fara an rage 'yan hayaniya. Sai ya auna giram ɗaya ya kaɗa a ruwan da aka dafa aka kashe duk abin da ke cikinsa, ya ɗebi kashi ɗaya cikin goma ya zuba a sabon ruwa, daga wannan ma ya ɗebi kashi ɗaya cikin goma ya zuba a wani, haka-haka har ya zama ƙwayoyi 'yan ƙalilan ne a ɗigo guda. Ya shafa ɗigon a faranti mai murfi wanda aka zuba wa agar, wani daskararren abu mai santsi da ake samu daga ciyawar teku, an gauraya shi da ɗan sitaci da gishiri-gishiri. Da gangan ake ƙaranta abincin, don mai maiƙo masu saurin girma yake kira, su mamaye farantin kafin na kirki su farka. A kife farantin, a sa a akwatin ɗumi wajen digiri 28, a jira. Mako guda, mako biyu, wani lokaci wata.

In an buɗe, kowace ƙwaya ta hayayyafa ta zama gungu da ido ke gani. A nan ake gane gwani. Baƙo ɗigo-ɗigo kawai zai gani. Gwani ya san masu sheƙi da yauƙi ba nasa ba ne. Nasa su ne busassu masu tauri, waɗanda suka kama agar ɗin gam har in ka sa musu waya sai su ƙi ɗagowa, samansu ya yi gari-gari, fari ko toka-toka, wasu sun rina ƙarƙashinsu da shuɗi ko ja ko ruwan ƙasa. Yana kuma lura da inda babu komai: in wani gungu ya zauna, kewayensa ya yi fayau ba maƙwabcin da ya iya matsowa, to wannan da magana a bakinsa.

Sai a tsame shi a kai sabon faranti shi kaɗai, a ja shi layi ɗaya miƙaƙƙe, a bar shi kwanaki ya yi ƙarfi ya tsiyayar da abin da zai tsiyayar. Sannan a kawo ƙwayoyin cutar da ake son gwadawa, kowace a ja mata layinta a gicciye, daga bakin faranti zuwa dab da layin farko. Washegari a duba. Wata ta tsiro tun daga baki har jikin layin, ko a jikinta. Wata kuwa ta taho, ta taho, sai ta tsaya cak ta bar fili. Da rula ake auna wannan fili. A faranti guda gwani ya karanta ko akwai guba, wa take kashewa, wa take ƙyalewa. Abin da ya fi sa gabansa bugawa shi ne ya ga ta tsayar da masu riga biyu. Bakteriya sun kasu gida biyu bisa wani rini da Hans Christian Gram ɗan ƙasar Denmak ya fito da shi a 1884: masu riƙe rinin da masu sakin sa. Na biyun, wato masu riga biyu, cikinsu har da masu haddasa taifot da kwalara, suna da ƙarin fata a waje da ke hana yawancin magunguna shiga, kuma har gobe su ne ciwon kan masu wannan sana'a.

Wanda ya mayar da wannan tsari sana'a shi ne Selman Waksman, haifaffen Yukren a 1888, masanin ƙasar noma a Jami'ar Rutgers ta jihar New Jersey. Ba likita ba ne. Tun wajen 1915 yake bin waɗannan halittu masu zare don ya san yadda suke ruɓar da ganye su mai da shi taki. Da tsohon ɗalibinsa René Dubos ya fitar da wani makashin ƙwayoyin cuta daga bakteriyar ƙasa a 1939, sai Waksman ya ga ashe shekara ashirin da ɗoriya a kan taska yake zaune. Ya juya ɗalibansa kan nema. A 1940 shi da Boyd Woodruff suka sami aktinomaisin: yana kashe ƙwayar cuta, yana kuma kashe dabbar gwaji. A 1942 suka sami sitireftotirisin, wanda ya fi yaudara, don dabbar takan yi kamar ta warke, sai bayan kwanaki ƙodarta ta lalace ta mutu. Kashe ƙwayar cuta dai ba shi ne wuya ba, ruwan batir ma zai kashe ta. Abin nema shi ne gubar da ta san bambancin jikin bakteriya da jikin mutum.

Sai 1943, da wani ɗalibi ɗan shekara 23, Albert Schatz, wanda bai daɗe da barin aikin soja ba, inda ya ga majinyata suna mutuwa da cututtukan da fenisilin ba ya taɓawa. Ya ce shi ƙwayar tarin fuka zai nema wa makashi. Waksman ya yarda, amma ya tura shi ɗakin ƙarƙashin ƙasa na ginin, domin ƙwayar mai kisa ce kuma a lokacin ba ta da magani. Ga ta da nawa: abin da sauran ƙwayoyi ke nunawa a kwana ɗaya, ita sai an yi makonni. Ranar 19 ga Oktoba 1943, bayan wata uku da ɗoriya, ya tabbatar yana da sabon abu a hannu, daga iri biyu na Streptomyces griseus. Ɗaya daga ƙasar gonar da ta sha taki, ɗaya daga maƙogwaron kaza, wanda wata ɗaliba, Doris Jones, ta miƙa masa farantinsa. Nan aka shiga wani sabon babin wahala. Likitoci biyu na asibitin Mayo, William Feldman na dabbobi da Corwin Hinshaw na mutane, suna son gwadawa a jikin ɓerayen masar masu tarin fuka, kuma sai da gari mai ɗan yawa. Schatz ya koma kwana a ɗakin gwajin, yana tace ruwan da halittar ta girma a ciki, yana kama maganin da garin gawayi, yana wanko shi. Ya ba da labari daga baya cewa yakan ja jan layi a jikin kwalabensa, ya roƙi mai gadi ya tashe shi in ruwan ya ƙone ya sauko kan layin. Kason farko da ya isa Mayo giram 10 ne, abin da ya ishi ɓeraye huɗu kacal. Kafin 1944 ta ƙare an fara yi wa mutane allurar sitireftomaisin.

A 1952 aka ba da kyautar Nobel a kan wannan magani, Waksman shi kaɗai ya karɓa. Schatz sai da ya je kotu a 1950 kafin a rubuta cewa tare aka gano, Elizabeth Bugie kuwa, wadda sunanta ke kan takardar binciken ta 1944, ba a sa ta a takardar mallaka ba. Haka Abelardo Aguilar, likitan Filifin da ya aika wa kamfanin Eli Lilly ƙasar garin Iloilo wadda ta haifi eritiromaisin, ya mutu bai ci moriyar kuɗin ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ban hana Waksman nasa ba, shi ya shimfiɗa hanyar, ba don shi ba da ba a san inda za a duba ba. Amma wannan aiki ne na hannu, hannuwan kuma yawanci na ɗalibai ne da ƙananan ma'aikata.

Sashen tacewar nan shi aka fi rainawa, alhali a nan mafi yawan masu nema ke sarewa. Ruwan da halitta ta girma a ciki yana ɗauke da sinadarai barkatai, ɗaya ne kake so, ba ka san sunansa ba, ba ka san launinsa ba, ba ka san ko zafi ko tsami na lalata shi ba. Jagoranka ɗaya ne, wannan filin fayau. Ka raba ruwan kashi-kashi, ka ɗiga kowane kaso a kan 'yar takarda, ka ɗora a farantin ƙwayar cuta, wanda ya yi fili ka bi shi ka sake rabawa, ka sake ɗigawa, har ka isa ga abu guda tsantsa. A nan Fleming ya tsaya, fenisilin ya yi shekara goma da wani abu yana jiran mutanen Oxford: Howard Florey, Ernst Chain, da wanda ba a cika ambata ba, Norman Heatley, mai hannun ƙira, wanda ya reni fumfuna har a cikin fo ɗin asibiti saboda ƙarancin kaya a lokacin yaƙi. Majinyacin da suka fi shahara da shi, ɗan sanda Albert Alexander, a Fabrairun 1941 ya fara farfaɗowa, maganin ya yi ƙasa har aka riƙa tace shi daga fitsarinsa ana mayar masa, daga baya ya ƙare, mutumin ya rasu. Sai da aka je Peoria a Amurka, aka gano ruwan jiƙon masara na sa fumfunar ta ninka abin da take bayarwa, aka kuma tsinci wata mai yawan bayarwa a jikin ruɓaɓɓen ɗan itace na dangin kankana a 1943, sannan fenisilin ya wadata. Halittun nan suna da halinsu. Wadda ta ba ka magani a faranti tana iya ƙin bayarwa a kwalba, ka canza mata sukari ko yawan iska ta dawo. Mai nema dole ya zama mai rarrashi.

Daga shekarun 1940 zuwa 1960 kamfanoni suka bazama, suna roƙon matafiya da 'yan mishan da wakilansu su aiko da ƙasa daga ko'ina. Benjamin Duggar, wanda ya gano wan tetirasaikilin, farfesan tsirrai ne da ya riga ya yi ritaya ya haura saba'in. Giuseppe Brotzu a tsibirin Sardiniya ba ma ƙasa ya bi ba, bakin kwatar da ke zuba a teku ya je a 1945, ya samo fumfunar da ta haifi dangin sefalosforin, har da seftiriyazon ɗin da asibitocinmu ke yi wa mutane allura kullum.

Daga nan rijiyar ta fara ƙafewa, ba don ƙasa ta ƙare ba. Matsalar ita ce abin da ake samu an riga an same shi. Richard Baltz, wanda ya daɗe a wannan fage, ya ƙiyasta cewa in ka tsinci waɗannan halittu kara-zube, kusan ɗaya cikin goma sitireftotirisin za ta ba ka, ɗaya cikin ɗari sitireftomaisin, ɗaya cikin dubu tetirasaikilin. Daftomaisin, wanda aka samo daga ƙasar dutsen Ararat na Turkiyya aka kuma amince da shi a 2003, ɗaya ne cikin miliyan goma. Aikin ya koma irin na mai rairayar zinariya, wanda yawancin abin da ke ƙyalli a kwanonsa ba ita ba ce. A ganina a nan gwanintar ta fi burgewa, domin ta koma iya zubarwa. Fili fayau da ya isa ya sa Schatz tsalle, mai nema na yau kallon tuhuma yake yi masa. Kafin ya ɓata wata shida, zai sa ɗigon a na'urar da ke auna nauyin sinadari, ya gwada da kundin dubban waɗanda aka sani, ko ya jarraba shi a kan ƙwayoyin da aka san sun gagari tsofaffin magunguna: in ya kasa kashe wadda ta gagari sitireftomaisin, to wataƙila sitireftomaisin ɗin ne ya sake dawowa. Ya wanke farantinsa ya ɗauko na gaba.

Akwai kuma wani sirri da masana suka daɗe da sani suna kau da kai. In ka ƙirga ƙwayoyin da ke cikin ƙasa da madubin hangen ƙananan halittu, ka kuma ƙirga waɗanda suka yarda suka tsiro a faranti, sai ka ga kusan ɗaya cikin ɗari ne suka tsiro. Duk waccan farauta a cikin wannan ɗayan aka yi ta. Slava Epstein da Kim Lewis na Jami'ar Northeastern a birnin Boston suka ce, tunda sun ƙi zama a gidanmu, a mayar da su nasu. Suka ƙera wani ɗan fallen roba mai ɗimbin ƙananan ramuka, a tsoma shi a ruwan ƙasar da aka sirka yadda kowane rami ƙwaya ɗaya zai samu, a rufe sama da ƙasa da wata fata mai barin ruwa da abinci su ratsa amma ba ta barin ƙwaya ta fita, sannan a binne shi a cikin ƙasar da aka ɗebo. Bayan makonni a tono. Kusan rabi suka tsiro, kuma da yawansu in sun yi gungu sau ɗaya sai su saba, su yarda da faranti. Cikin iri kusan dubu goma da aka tace ta haka, wata daga ƙasar wani fili mai ciyawa a jihar Maine, wadda aka raɗa wa Eleftheria terrae, ta ba da tekisobaktin, aka sanar a Janairun 2015. Yana kama tubalan da bakteriya ke gina bangonta da su, abin da ba ta iya sauyawa cikin sauƙi, shi ya sa a ɗakin gwaji aka yi ta ƙoƙarin samar da ƙwayar da za ta gagare shi ba a samu ba. Masu riga biyu dai bai taɓa su ba.

Wasu ta cikin littafin gado suka bi. Da aka karance ƙwayoyin gadon Streptomyces coelicolor a Ingila a 2002, halittar da David Hopwood ya yi shekaru da dama yana nazari, sai aka ga tana da tsarin yin sinadarai fiye da ashirin, alhali 'yan ƙalilan aka san tana yi. Sauran suna kwance, ba a taɓa ba su dalilin tashi ba. Yanzu akwai masu tsokanar su, su haɗa halitta biyu a kwalba ɗaya don kishi ya tashe su. Sean Brady na Jami'ar Rockefeller shi ko renon ba ya yi, ƙwayoyin gadon yake tatsowa kai tsaye daga ƙasa ya dasa a jikin wata halitta mai sauƙin kai, ta haka ya fitar da malasidin a 2018. A Tübingen ta Jamus kuwa, a 2016, a cikin hancin ɗan'adam aka samu wata bakteriya mai kashe 'yar'uwarta da ke haddasa maruru.

Buƙatar ba ta boko ba ce kawai. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin cuta masu gagarar magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma in aka auna da yawan jama'a, Yammacin Afirka ce ta fi kowane yanki asara. Ga shi kuma kasuwa ba ta saka wa masu nema. Sabon maganin kirki ɓoye shi likitoci ke yi don kada ƙwayoyi su saba da shi, in an sha ma kwana bakwai ne ko goma, ba irin na hawan jini ba da ake saye har ƙarshen rai. Kamfanin Achaogen ya sami amincewar hukumar magunguna ta Amurka a kan sabon maganinsa a 2018, a 2019 ya karye. Manyan kamfanoni da dama sun rufe wannan sashe, aikin ya koma hannun jami'o'i da ƙananan kamfanoni. Tekisobaktin ɗin ma, shekara goma bayan sanarwa, bai kai kantar kyamis ba.

Duk da haka ba a daina ɗebo ƙasa ba. A Maris 2025 ɗakin gwajin Gerry Wright na Jami'ar McMaster a Kanada ya sanar da lariyosidin. Ba dajin Borneo aka je ba, ƙasar bayan wani gida ce a garin Hamilton, inda jami'ar take. Dabarar tasu haƙuri ce zalla: suka bar ƙasar a ɗakin gwaji kusan shekara guda, har masu saurin girma suka ci zamaninsu suka lafa, masu nawa suka samu sarari. Cikinsu wata Paenibacillus ta ba da sinadari mai siffar igiyar zarge, wanda ke kama injin da bakteriya ke ƙera furotin da shi a wani gurbin da magungunan da ake amfani da su ba su taɓa kamawa ba. Ya kashe har masu riga biyu, ya kuma ceci ɓerayen gwaji da aka sa wa Acinetobacter baumannii, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a sahun gaba na masu haɗari. Abin da ke gabansu yanzu shi ne gyara shi yadda jikin mutum zai karɓa, da kuma lallashin halittar ta riƙa bayar da shi da yawa.